Abincin da Ban Ci Ba a Haiphong

Tun da na dawo Guangzhou ba a bar ni na sha shayi da daɗi ba. Duk wanda ya gan ni a titin Huanshi Lu sai ya tare ni: "Sanusi, yaya Biyetnam? Yaron naka ƙwallo nawa ya zura?" Jiya har laoban ɗin, wato mai shagon da nake sarin takalma a wurinsa a titin Zhanxi Lu, ya ɗaga ƙafa ya shuri iska, yana tambayata da gira. Na gaji da cewa sai an zauna. To ga shi an zauna. Zan faɗa sau ɗaya, kowa ya karanta, a ƙyale ni.

Ga wanda bai san Kamalu ba, ɗan yayata ne, Yaya Binta, a Fagge aka haife shi. Dogo ne, kuma tun yana ƙarami ba abin da ke cikin kansa sai ƙwallo. Wani dillalin 'yan wasa ya kai shi Biyetnam. Bayan 'yan watanni ya aiko da hoto sanye da jar riga a gefen fili, ya ce yana tare da kulob ɗin Haiphong, birnin da manyan jiragen ruwa ke sauke kaya. Ni kuwa na ɗauki hoton nan na zaga da shi unguwarmu ta Xiaobei kaf. Har kasuwar tufafi ta Baima na je na sa aka buga jajayen riguna da sunansa a baya, na raba wa 'yan majalisarmu. Mutum zai zo tambayar farashin takalmi, ya tafi da labarin Kamalu.

Rannan Yaya Binta ta kira ni. Ta ce, "Sanusi, an ce tsakaninku ba nisa. Muryar yaron nan ba ta yi mini daɗi kwana biyu. Ka je ka gano mini shi da idonka." Ta kuma haɗo wani ɗan kasuwa mai zuwa da ƙunshin kilishi, ta ce a hannun Kamalu zan saka. Da na gaya wa Kamalu ina tafe, sai ya hau kawo uzuri: damina ce, hanya ba daɗi, a bari sai gaba. Na ɗauka kunya ce irin ta yaran da Allah ya ɗaukaka. Na ce biza ta riga ta fito.

Alhaji Awudu ne ya raka ni, mutumin zangon Kumasi, mai lodin kwantena zuwa Ghana. Ya ce dama yana so ya ga tashar jiragen ruwansu. Ƙato ne, mai dariya da dukan jiki, kuma ban taɓa ganin an ajiye halal a gabansa ya ce ya ƙoshi ba.

Jirgin ƙasa mai gudu muka hau zuwa Nanning, daga nan muka gangara Dongxing, inda boda take. Wata 'yar gada ce a kan kogi, da ƙafa ake haye ta. Mata sanye da malfa mai tsini suna ta wuce mu da kaya niƙi-niƙi, ba wadda ta kula mu, sai wata tsohuwa da ta tsaya ta ƙare wa Alhaji Awudu kallo daga sama har ƙasa, ta ce wani abu, ƙawayenta suka fashe da dariya. Ya dafa ƙirji ya rusuna musu kamar an yi masa kirari.

A ɗaya gefen aka buɗe jakata aka ga kilishi. Jami'in bai yi faɗa ba. Ya rubuta a wayarsa ya nuna mini da Turanci: nama ba ya shiga. Ya nuna mini kwandon shara. Alhaji Awudu ya riƙe mini hannu ya ce, "Massa, kilishin Kano a bola? Wallahi ba a gabana ba." Muka koma gefe muka zauna a benci, muka buɗe ƙunshin. Yaji ya yi yawa, ruwanmu ya ƙare, hawaye na zuba, majina na zuba, 'yan layi na ɗaukarmu a waya. Muka cinye tas. Haka na shiga ƙasar mutane da amanar Yaya a cikina.

Motar da ta ɗauke mu daga Mong Cai, garin da ke wannan gefen bodar, irin mai gadaje ce. A bakin ƙofa kwandasta ya miƙa mana leda, ya nuna ƙafarmu. Ashe sai an cire takalmi, kamar za a shiga masallaci. Na tuna motar Kano zuwa Legas, inda ko a cikin barci mutum ba ya yarda takalminsa ya bar ƙafarsa. Gadajen kuwa ba don irinmu aka auna su ba. Alhaji Awudu ya shiga nasa, gwiwoyinsa suka tsaya a sama kamar an kifa kujera, ƙafarsa ɗaya ta sauka a kafaɗar wani bawan Allah da ke gaba. Mutumin ya waiwayo, ya ɗauke ƙafar da hannu biyu cikin ladabi, ya mayar masa da abarsa. A wurin hutawa muka shimfiɗa kwali bayan mota muka haɗa azahar da la'asar. Direba ya jira mu har muka sallame, ko oda bai danna ba. A gida da tuni fasinjoji sun fara "Malam, a taƙaita."

Kamalu ya ce ba zai samu fitowa ba sai bayan wasan gobe, amma zai turo wanda zai tarbe mu. Na ce ai haka manyan 'yan wasa suke, killace su ake yi. A tasha muka tarar da wani gajeren dattijo mai kaurin dantse, ya ɗaga kwali da sunana. Sunansa Tuan. Da hannu ya nuna mana cewa injin ɗaga kwantena ya tuƙa a bakin ruwa har ya yi ritaya. Ya zo da babur, maƙwabcinsa ma ya zo da babur. Ni na hau bayan dattijon, Alhaji Awudu ya hau ɗayan, tayar gaba ta ɗan ɗaga.

Wanda ya san Kano a zamanin acaɓa zai ce ya san babura. Bai sani ba. A Haiphong babur kamar ruwa yake gudana, miji da mata da 'ya'ya da buhun shinkafa duk a kan guda. Idan za ka tsallaka titi ba a jira a tsaya maka, kuma ba a gudu. Ka shiga a hankali kana tafiya, su za su kauce maka. Na fara gwadawa na tsorata a tsakiya na ja da baya, sai ga wata mata da kwandon agwagi ta taka birki a gabana, ita na faɗa, agwagin na faɗa.

Otal ɗin da aka kai mu siriri ne mai tsawo, kamar an tsayar da kwalin ashana. Da safe mai otal ta kawo wani burodi siriri da aka shafa wa abu a ciki. Na tambaya, da al'adar Guangzhou a bakina, ko akwai wanda ba a shafa wa komai ba, ina jiran in ji "mayo", wato "babu" a bakin 'yan Sin. Sai ta yi murmushi ta kawo gayansa. Ta haɗa da gahawa mai ɗiga a hankali kan madarar gwangwani. Ɗan ƙaramin kofi na sha, amma har azahar ƙirjina na bugawa kamar na hau bene da kaya.

Da yamma muka nufi filin wasa, ni da jar rigata mai sunan Kamalu. Garin duk ya yi ja. Leburorin tashar ruwa, matuƙa jirgi, tsofaffi mata, jarirai a kafaɗa, kowa da ja. Abin da ya ƙara kumbura ni, duk wanda ya karanta bayan rigata sai ya daka tsalle: "Ka-ma-lu! Ka-ma-lu!" Ana miƙo mini hannu, ana ɗaukar hoto da ni. Wani ya tura mini rake a hannu. Na ce wa Alhaji Awudu, "Ka gani ko? Jininmu ne." Da muka zauna sai na kira 'yan majalisa ta bidiyo. Suna can gidan abincin da muke taruwa a Xiaobei, wasu har sun saka rigunan.

'Yan wasa suka fito. Akwai baƙaƙe a cikinsu, na bi su ɗaya bayan ɗaya da wayar. Babu Kamalu. Na haska bencin 'yan canji. Babu shi. Na ce wa 'yan majalisa wataƙila koci ya ɓoye shi sai an dawo hutu. Ina cikin faɗin haka ganguna suka ɓarke a bayanmu, har benci na rawa. Na juya da wayar a hannuna.

Yana tsaye a sama da mu kaɗan, ya ɗaura jan ƙyalle a ka, gwiwarsa ta dama naɗe da wani abin roba mai ƙarfe. A gabansa wata ƙatuwar ganga, sanda a kowane hannu, Dattijo Tuan a gefensa da tuta. In ya buga, dubban mutane su amsa.

Daga cikin waya na ji muryar Ɗanliti mai atamfa: "Kai Sanusi, wancan makaɗin ba ɗanka ba ne?" Aka kwashe da dariya. Na kashe wayar.

Da aka tafi hutu ya sauko yana ɗingishi, ya same ni a ƙarƙashin benen 'yan kallo. Ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwar, ya ce, "Kawu, sannu da zuwa."

Ban amsa gaisuwar ba. Na ce, "Ƙwallo ka zo ko kiɗa? A zuriyarmu wa ka taɓa gani da ganga? Ka sa na zama abin dariya a Guangzhou, ka sa uwarka tana raba hotonka a Fagge."

Ya ce, "Kawu, ban ce ina buga musu ba. Cewa na yi ina tare da su."

"Rufe mini baki."

Bai rufe ba, ya ci gaba a hankali, kansa a ƙasa. Ya ce dillalin ya yi ta yawo da shi a garuruwan bakin teku, Da Nang, Quy Nhon, Nha Trang, don kusan kowane gari mai tashar jirgi yana da kulob ɗinsa, kuma mutanen garin sun ɗauki abin kamar mutuncin gidansu. Amma baƙi kaɗan ake ɗauka, kuma wanda zai zura ƙwallo yau-yau ake so. A Haiphong ne aka ga alamar za a riƙe shi. Ana dab da sa hannu, a wasan gwaji, gwiwar ta tsinke. Daga ranar wayar dillalin ba ta sake shiga ba. Dattijo Tuan yana cikin masu leƙen atisaye ta wayar shinge, shi ya bi shi asibiti, shi ya kai shi gidansa da aka sallame shi. Yanzu yana aiki a wani ofishin fiton kaya, yana yi musu Turanci da baƙin matuƙa. Gangar kuwa, 'yan kallo ne suka ba shi tun yana kan sanda, don kada ya zauna a ɗaki yana tunani.

Na ce, "Ka haɗa kayanka. Guangzhou za mu, ka tsaya mini a shago." Dattijo Tuan na tsaye a gefe. Bai ji Hausa ba, amma ya ji muryata. Ya naɗe tutarsa a hankali.

Bayan hutu 'yan gida suka ci. Jan hayaƙi ya turnuƙe, wani da ban sani ba ya rungume ni yana kuka, Alhaji Awudu ya ɗaga wani tsoho sama kamar jariri. Ni ina tsaye ƙiƙam da rake a hannu.

Washegari aka gayyace mu cin abincin rana a gidan Tuan. Ruwa ake tsugawa. Gidan na cikin wani lungu, kuma a bakin lungun akwai mai gasa alade, ya rataye shi ɗungurungum, kai da ƙafa. Tun daga nan raina ya tashi. Muka shiga, ga wani ɗan teburi a jikin bango da hotunan magabatansu, da lemo, da turare na hayaƙi. Matar gidan ta fito, 'yar ƙarama, gashinta da furfura, ta kama hannuna da hannu biyu. Kamalu ya ce sunanta Lan, amma shi Me yake ce mata, wato uwa.

An shimfiɗa tabarma an cika ta: naman sa da albasa, kifi, taliya mai faɗi a romon ƙaguwa, ganyaye iri-iri. A al'adarsu mai gida ke ɗebo maka da tsinken cin abincinsa ya saka a kwanonka. Me Lan ta zaɓo tsoka mafi kyau ta ajiye mini.

Kamalu ya ce ƙasa-ƙasa, "Kawu, ci. Halal ne."

Na dubi naman, na tuna abin da ke rataye a bakin lungu. Na ce a raina, yaron da ya rufe ni a kan ƙwallo, shi zan yarda da shi a kan yanka? Kuma gaskiya haushi bai sake ni ba. Sai na dafe ciki na yamutsa fuska, na ce ya gaya musu cikina ke murɗawa tun asuba.

Matar nan ta miƙe a ruɗe. Ta taɓa goshina, ta sa Kamalu ya kai ni ɗakinsa a sama in kwanta. Ina hawa na ji Alhaji Awudu ya yi bisimilla da ƙarfi. Can kuma na ji an tayar da babur a waje, ban kawo komai a raina ba.

Yunwa kuwa nake ji ta gaske. A jakata akwai ragowar burodin otal da gwangwanin kifi da na taho da shi daga Guangzhou. Na zauna a bakin gado na buɗe, ina dangwala burodi ina kaiwa baki da sauri. Na kusa rabi aka turo ƙofa.

Me Lan ce. Rigar ledar da ta yafa na ɗigar ruwa, gashinta ya manne a goshi, ƙafarta duk laka. A hannu ɗaya ƙullin magani daga kemis, a ɗayan kofin ruwan citta mai tururi. Ta dubi gwangwanin. Ta dubi bakina, mai na nasowa a gemu. Ni kuma na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa.

Ta ajiye maganin da kofin a kan kujera ta fita. Na ce shi ke nan, ta tafi ta gaya wa mijinta. Sai ga ta ta dawo da faranti da cokali. Ta karɓi gwangwanin daga hannuna, ta juye kifin a farantin, ta nuna mini bakin gwangwanin mai kaifi, ta nuna yatsana, ta girgiza kai. Ta ja mini ƙofa.

Ban san iya zaman da na yi ina kallon farantin nan ba. Alhaji Awudu ne ya hawo yana sakace. Ya ga abin da ke gabana, dariyarsa ta ɗauke. Ya ce, "Massa, taso ka ga wani abu." Ya ja ni kicin. Tukwane ne jere, da kasko, da wuƙa, da katakon yanka. Ya ce Kamalu ya gaya masa tun ranar da aka kawo shi gidan Me Lan ta kyautar da tsofaffin tukwanenta ta sake wasu, alade bai sake shiga gidan ba. Da azumi ita ke tashi ta ɗora masa sahur. Naman da na ƙi kuwa, Tuan ne ya yi sammako ya hau mota har Hanoi, ya sayo a wurin Musulmin da ke kusa da masallaci, ya dawo da shi a cikin ƙanƙara, saboda kawun Kamalu zai zo.

Na sauko da sauri na ce wa Kamalu a zubo mini, cikina ya lafa. Ya dube ni, ya dubi tabarmar. An riga an kwashe. Abincin ya yi yawa, ba a so ya lalace, an kira maƙwabta sun ɗiba. Ko romo bai rage ba.

Na zauna a gefen tabarmar. Da ƙyar na ce, "Maganar Guangzhou, a bar ta. In nan ka ga ya fi maka, zauna. Amma uwarka za ka kira yanzu, a gabana, ka gaya mata da bakinka."

Ya kira ta bidiyo. Bai rage komai ba, har gangar ya faɗa. Yaya Binta ta ƙura masa ido. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Nuna mini gwiwar." Ya nuna. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Kana salla?" Ya ce yana yi. Ta ce, "Ina matar da ta riƙe ka? Ba ni ita."

Me Lan ta goge hannu a zani ta karɓi wayar da hannu biyu. Suka tsaya suna kallon juna, ba mai jin yaren wata. Yaya ta dafa ƙirji tana ta jero addu'a, Allah ya saka, Allah ya raya zuriya, Allah ya ba ki masu yi miki. Me Lan na gyaɗa kai tana hawaye kamar tana fahimtar kowace kalma. Kamalu ya fara fassarawa, sai ya bari, ya ƙyale su.

Can Yaya ta hango ni a baya. Ta ce, "Sanusi, kai ma ka yi mata godiya da kyau. Ka dai ci abincin gidan nan ko? Kada ka yi musu irin tsirfar nan taka."

Na hau sosa ƙeya. Me Lan ta ga yadda na yi, ta tambayi Kamalu me aka ce. Ya gaya mata. Ko kallona ba ta yi ba. Ta matso da wayar kusa da fuskarta, ta nuna ni da yatsa, ta kwatanta tulin kwano da hannu, ta buga cikinta tana magana da sauri.

Yaya ta ce, "Me ta ce?"

Kamalu ya ce, "Ta ce ya ci, har ya nemi ƙari."

Yaya Binta ta yi dariya, hawaye na kan kumatunta. Ta ce, "Ai haka yake tun yana yaro, ba ya wasa da cikinsa."

Kowa ya yi dariya, har Dattijo Tuan da bai san me aka ce ba. Ni na sunkuyar da kai, idona ya sauka a kan ƙafafun Me Lan. Har lokacin ba ta samu ta wanke lakar ba.